Ramin da Aka Gina Don Ya Cika: Magudanan Mohenjo-daro da Aikin Yasa

A lardin Sind na ƙasar Pakistan, kimanin kilomita 30 daga garin Larkana, yamma da kogin Indus, akwai wani makeken kufai da ake kira Mohenjo-daro. An kafa birnin wajen shekara ta 2500 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi ƙarni shida ko fiye yana cin zamaninsa, sannan mutanensa suka watse, ƙasa ta binne shi. Wani jami'in hukumar binciken kayan tarihi ta Indiya, R. D. Banerji, shi ya fara haƙa a wurin a 1922. A 1924 shugaban hukumar, John Marshall, ya sanar da duniya cewa an gano wata daɗaɗɗiyar wayewa, tsarar Misira da Mesofotamiya. Tun daga lokacin, da wuya a ambaci birnin ba a yabi miƙaƙƙun titunansa da babban tafkin wankansa da magudanan ruwansa ba. Yabon ya dace, sai dai yakan tsaya ga gwanintar magina, alhali magudanar ruwa, kome kyan gininta, damina ɗaya ko biyu ta ishe ta toshewa idan aka ƙyale ta. Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa ƙarami ne, wato ramukan da aka yi a kan hanyar ruwa domin yashi ya kwanta a ciki. Wanda ya gina rami da niyyar ya cika, ya riga ya tabbata akwai mai zuwa ya yashe shi, ya kuma sake dawowa. Wannan yasar da ake ta maimaitawa ita ta riƙe Mohenjo-daro tsawon ƙarnoni, kuma ita ce ma'auni mafi aminci na ƙarfin birnin da rauninsa.

Sai an bi ruwan tun daga tushe kafin a gane gurbin ramin. Masanin gine-gine Bajamushe Michael Jansen, wanda tawagarsa ta shafe shekaru tana auna kufan tun daga ƙarshen shekarun 1970, ya ƙiyasta cewa birnin yana da rijiyoyi fiye da 700, an ɗaure su da bulo mai faɗin kai ɗaya domin da'irar ta kama kanta. Birni ne da ake hasashen mutanensa sun kai 40,000, kuma mafi yawan gidajensa suna da wurin wanka na musamman, an shimfiɗa masa jan bulo an gwama shi tsam, an karkata daɓen zuwa kusurwar da ke jikin bangon waje. Daga nan ruwa yakan fita ta rariya, idan kuma daga bene ne, ya sauko ta bututun yumɓu da aka binne cikin bango. A wurare da yawa ba ya zarcewa cikin magudanar titi kai tsaye. Yakan fara faɗawa cikin kwatami da aka ɗaure da bulo, wanda mafitarsa take can sama, wajen kashi uku bisa huɗu na zurfinsa. A lungunan da magudana ba ta kai ba, sai a binne babbar randa a gindin bango ta tari ruwan. Ita kuwa magudanar titi, da jan bulo aka gina ta a ƙarƙashin hanya, aka rufe samanta da bulo ko fallayen dutse da ake iya ɗagawa. A kan hanyarta akwai wasu ramukan da suka fi na gida girma, wasu har da matakala da mutum zai taka ya sauka. Bulon kansa mafi yawansa gwaji ɗaya ne, kauri santimita 7, faɗi 14, tsawo 28, don haka wanda ya fashe ba a rasa madadinsa.

Dalilin wannan tsari yana cikin halin ruwa da yashi. Titunan birnin na ƙasa ne, ba a daɓe su ba, yankin kuma shimfiɗaɗɗen fili ne mai ƙura, gangararsa ba ta taka kara ta karya ba. Ruwa yana ɗaukar yashi ne muddin yana gudu. Da zarar ya lafa sai ya sauke kayansa, masu nauyi da farko, laka mai laushi kuma ta yi nisa kafin ta kwanta. Duk mai regayar shinkafa ta san wannan, domin tsakuwa ce kan zauna a gindin ƙwarya, ruwa ya wuce da abin da ya fi sauƙi. Tunda yashi sai ya kwanta ko ana so ko ba a so, zaɓin da ya rage wa magini shi ne inda zai kwanta: ko dai ya bazu cikin rufaffiyar magudana mai tsawo, inda sai an tone titi kafin a kai gare shi, ko kuma a ba shi masauki guda mai murfi, wanda kowa ya san wurinsa. Ramin yana faɗaɗa hanyar ruwa kwatsam, gudunsa ya karye, yashi ya nutse, ruwan da ya ɗan tsaru ya fita ta sama. Injiniyoyin yau ba su ƙara wani abu mai yawa a kan wannan dabara ba, illa lissafi. Wani bincike da aka yi wa hukumar kare muhalli ta Amurka a 1977 ya ba da shawarar zurfin ramin da ke ƙasa da mafita ya ninka faɗin bututun fitar ruwa sau huɗu, hukumar kuma ta ba da shawarar a yashe shi da zarar tarkace ya kai sulusin wannan zurfi. Dalilinta shi ne, idan ramin ya cika fiye da rabi, ruwan sama mai ƙarfi kan tayar da abin da ya kwanta ya zuba shi cikin bututu a lokaci guda. Ke nan ramin da ba a yasa ya fi rashinsa illa, domin tara ɓarna yake yi ya sake ta ranar da aka fi bukatar hanya a buɗe.

Hujjar cewa mutanen Mohenjo-daro suna yasa ta fito daga ƙasar kanta. Ernest Mackay, wanda ya jagoranci haƙa mafi faɗi a birnin daga 1927 zuwa 1931, ya rubuta cewa sau da yawa sukan tarar da 'yan tsibin yashi a gefen magudanai, launinsu toka-toka da ɗan kore. Ya fassara su da cewa abin da aka kwaso ne daga ciki, ya kuma lura cewa yashi ne zalla domin ruwa ya riga ya tafi da laka. Waɗannan tsibi su ne sawun ma'aikaci, kuma sun fi kowane bango faɗin gaskiya game da rayuwar yau da kullum, domin bango yana nuna abin da aka yi sau ɗaya, tsibin yashi kuwa yana nuna abin da aka saba yi. Akwai hujja ta biyu. Kamar kowane tsohon birni, ƙasan Mohenjo-daro ta yi ta hawa sama saboda shara da rusau da sabon gini a kan tsoho. Duk sa'ad da titi ya tashi, sai a ƙara wa bangon magudana jeren bulo, ko a gina sabuwa a kan layin tsohuwa. Haka aka yi ta ƙara wa rijiyoyi tsawo, shi ya sa a yau, bayan an kwashe ƙasar da ke kewaye da su, suke tsaye kamar hasumiyoyi. Jikan da ya ɗora bulo a kan magudanar kakansa bai ƙirƙiri kome ba, amma ya karɓi wani nauyi da aka bar masa, kuma zuriya bayan zuriya sun yi ta karɓar wannan nauyi.

Tambayar da kan biyo baya ita ce wa ke sa a yi aikin. Mortimer Wheeler, wanda ya yi haƙa a wurin a 1950, ya ga daidaiton bulo da tituna sai ya ɗauka alamar mulki ne mai tsauri, na sarakuna limamai da ke zaune kan tudu suna ba da umarni. Sai dai har yau ba a tono wani gini da aka tabbatar fada ce ba, ko ƙasaitaccen kabarin basarake irin na Misira ko birnin Ur. Wani ɗan mutum-mutumi mai gemu da aka tono a birnin, wanda ake wa laƙabi da Sarki Liman, tsayinsa santimita 17.5 ne kacal, kuma masu haƙa ne suka raɗa masa sunan. Rubutun mutanen wannan wayewa ta Indus, mai alamomi kusan 400, har yanzu ba a warware shi ba, don haka magudanan ne ke magana a madadin takardu. Abin da suke faɗa shi ne aikin ya kasu kashi-kashi. Kwatamin da ke gindin bango yana tare dattin gida ɗaya kafin ya shiga hanyar kowa, wato mai gida ne ke fara ɗanɗana sakacinsa, ruwa ya koma masa kafin ya kai ga maƙwabci. Ramin titi kuwa na jama'a ne, domin gida ɗaya ba ya iya ɗaukar nauyinsa, kuma idan unguwar ƙasa ta yi sake, ta sama ce za ta toshe. Ko sarki ne ya tsara wannan, ko dattawan unguwa, ko ƙungiyoyin masu sana'a, sakamakon ɗaya ne: an samu tsarin da ke sa a yi aiki maras daɗi a kan kari, ba tare da jiran masifa ta auku ba. Inda ake iya karanta rubutu, haka lamarin yake. Frontinus, wanda aka naɗa shugaban ruwan birnin Rum a shekara ta 97 Miladiyya, ya bayyana tafkunan da aka yi a kan hanyoyin ruwan birnin domin laka ta kwanta, ya kuma lissafa ma'aikatan dindindin 700, na gwamnati 240, na Kaisar 460. Tafkin kwantar da laka da rundunar masu kula da shi tare suke tafiya.

Wani zai ce an ɗora wa waɗannan magudanai abin da ba nasu ba, domin na ruwan wanka ne da wanke-wanke, ba na ruwan sama ba. Akwai gaskiya a ciki. Sind ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama, kuma yawancin magudanan lungu ƙanana ne, ba za su iya da mamakon damina ba. Amma wannan ƙara wa maganar ƙarfi yake yi. Magudanar da ambaliya ke bi lokaci-lokaci takan ɗan wanke kanta, wadda kuwa ruwan wanka kaɗai ke bi, a hankali, a kan shimfiɗaɗɗen wuri, ba ta da mai wanke ta sai hannun mutum, don haka ta fi bukatar rami da mai yasa. Ba kuma za a ce mutanen ba su san babban ruwa ba. Magudanar da ke zubar da babban tafkin wanka, mai tsawon mita 12 da faɗin 7 da zurfin kusan biyu da rabi, an yi mata rufin bulo mai haɗuwa a sama, tsayinta ya isa mutum ya bi ta ciki. A Dholavira kuma, wani birnin wannan wayewa da ke tsibirin Khadir a jihar Gujarat ta Indiya, wanda R. S. Bisht ya haƙa tun daga 1990, an datse rafuka biyu na damina, Mansar da Manhar, aka karkata ruwansu zuwa manyan tafkuna da aka ƙiyasta sun kai 16, wasu an sassaƙa su cikin dutse, an kuma yi magudanai na musamman domin tara ruwan sama daga cikin gari. Ruwan rafin damina da laka yake zuwa, kuma tafkin da ba a yasa, 'yan shekaru kaɗan zai zama fadama. Garin da ya rayu ƙarnoni a kan irin waɗannan tafkuna, a busasshiyar ƙasa, ya san yasa ciki da bai.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Ana iya cewa tsaftar da ake yabawa ta ido ce kawai. Rijiyoyi da yawa suna dab da magudanai da kwatamai, bulo kuma yana tsatsafo, randar da aka binne tana jiƙa ƙasar da ke gindin gida, abin da aka kwaso daga rami kuma, kamar yadda tsibin Mackay suka nuna, wani lokaci a gefen hanya ake barinsa. Duk wannan gaskiya ne, kuma ramin tarar yashi bai taɓa zama maganin cuta ba. A Landan a 1854, kwalarar da ta kashe fiye da mutum 600 a kewayen titin Broad, wadda likita John Snow ya danganta da wani famfon unguwa, daga wani ramin ƙazanta ta samo asali, wanda ke dab da rijiyar famfon. Ramukan bakin titi na biranen zamani ma, da yake ruwa na kwanciya a cikinsu, sun zama matattarar sauro, har hukumomin lafiya na biranen Amurka kan zuba musu maganin kashe tsutsar sauro kowace bazara. Sai dai aikin da aka gina ramin dominsa daban ne. An yi shi ne domin hanyar ruwa ta kasance a buɗe, kada ruwa ya tsaya a gindin bango ya cinye tushen gini, kada lungu ya zama dagwalo. A birnin da aka ɗora bisa dandamalin tubalin laka, a ƙasa mai gishiri, wannan batun tsayuwar gari ne ko rushewarsa. A kan wannan ma'auni ya kamata a auna shi, kuma a kansa ya yi abin da aka nema.

Suka ta uku ta shafi mutum. Yaba wa yasa abu ne mai sauƙi ga wanda bai taɓa shiga rami ba. A Rum bayi ne ke aikin, kuma a wata wasiƙa da Sarki Trajan ya mayar wa gwamnansa Pliny Ƙarami, ya ambaci share magudanan ƙazanta cikin ayyukan da ake ba waɗanda aka yanke wa hukunci. A Indiya ta yau aikin yana ɗaure da ƙasƙantattun dangogi, har sai da aka yi doka a 1993, aka sake yin wata a 2013, domin hana kwasar ƙazanta da hannu, amma ana ci gaba da rasa rayuka cikin ramukan. Kuskure ne a ɗauki wannan yanayi a liƙa wa mutanen da suka rayu shekara dubu huɗu da suka wuce, kamar yadda kuskure ne a ƙaga musu zaman adalci da babu hujjarsa. Abin da bulo ya nuna dai shi ne magina sun yi tunanin mai yasa tun ranar gini: murfin da hannu zai iya ɗagawa, ramin da ke wuri sananne, matakalar sauka. Wannan bai wanke kowa daga zalunci ba, amma ya nuna an lissafa aikin cikin tsari tun farko. Sukar ma tana tabbatar da asalin maganar, domin al'ummar da ke tilasta wa wani ya shiga rami ta san sarai cewa idan ba a shiga ba, garin ba zai zaunu ba.

Ƙarshen birnin ma a magudanansa ake karanta shi. Wheeler ya taɓa cewa mahara ne suka yi wa garin kisan kiyashi, yana kafa hujja da wasu ƙwarangwal da aka samu warwatse, amma wani mai haƙa, George Dales, ya nuna a 1964 cewa ƙasusuwan ba na lokaci ɗaya ba ne, kuma babu alamar ƙone gari. Wasu sun ɗora laifin a kan ambaliya, wasu a kan sauya hanyar kogin Indus, wasu a kan raguwar damina da ta auku wajen shekara 4,200 da suka wuce, da durƙushewar ciniki da Mesofotamiya. Ko wanne ne sanadi, saman kufan, wato shekarun ƙarshe kafin a watse wajen 1900 kafin Miladiyya, ya nuna yadda abin ya kasance. An rarraba manyan gidaje zuwa ƙananan ɗakuna, ana gini da ɓaraguzan tsohon bulo, gidaje sun cinye hanya, an kafa matoyar tukwane a tsakiyar gari, magudanai kuma sun lalace ba a mayar da su yadda suke ba. Toshewar magudana ba ita ta kashe birnin ba, amma tana cikin alamun da suka riga faɗuwar bango bayyana. Mutane suna nan, bulo yana nan, sanin yadda ake gini bai ɓace dare ɗaya ba. Abin da ya fara sakwarkwacewa shi ne yarjejeniyar da ke hana mutum gini a kan hanya, take kuma tura wani ya ɗaga murfi ya kwashe yashi kafin ruwa ya tsaya.

Kufan kansa bai tsira daga wannan hukunci ba. An dakatar da manyan haƙe-haƙe bayan aikin Dales na 1964 zuwa 1965, domin bangayen da aka tono sun fara rugurgujewa: ruwan ƙarƙashin ƙasa yana hawa cikin bulo da gishiri, ya bushe, ya farfasa shi. UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan tarihin duniya a 1980, aka kashe kuɗi wajen rage ruwan ƙasa da kare gaɓar kogi. A watan Agustan 2022 kuma, ruwan sama fiye da milimita 700 ya sauka a wurin cikin kwana goma, bangaye suka zube. Masu kula da shi a yau aikinsu shi ne shafa wa bango laka domin ta sha gishiri, da buɗe wa ruwa hanya, da maimaita hakan kowace shekara. Saboda haka duk mai son sanin ƙarfin wani gari, na da ko na yanzu, tsawon magudanan da aka gina ba zai gaya masa abu mai yawa ba, domin kuɗin shekara ɗaya na iya samar da su. Ya nemi sanin wa aka ɗora wa yasa, da me ake biyansa, ina ake kai abin da ya kwaso, da kuma wanda zai amsa tambaya idan damina ta tarar da rami a cike.